Baba Awo da Motocin Gangara

Shekarar da aka turo ni koyar da fiziks a sakandaren da ke bakin gangara, na tarar Baba Awo ya shekara ashirin da tara yana kula da ɗakin gwaje-gwaje. Ba malami ba ne. Aikinsa shi ne ya buɗe ɗaki, ya goge tebura, ya fito da kayan gwaji kafin darasi, ya mayar da su bayan an tashi. Gajere ne, furfura ta ci gefen kansa, kullum yana cikin farar rigar aiki da aljihunta ya sha faci, ga agogon awon daƙiƙa rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba abin da zai gitta ta gabansa bai auna ba. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta taɓa gaya mini cewa ko ruwan shayi ta ɗora sai ya danna agogo, in ya tafasa ya sanar da ita minti nawa aka yi, sai ka ce ta tambaye shi.

Asalinsa mai gyaran agogo ne. Aji uku ya yi a sakandare ya bari, ya zauna a rumfar kawunsa yana kwance agoguna yana ɗaurawa. Wata rana aka kira shi makarantar ya duba agogunan ɗakin gwaji guda takwas da suka tsaya. Ya gyara bakwai, na takwas ya ce a bar shi ya huta. Malamin fiziks na lokacin ya ga yadda yake jera ƙananan kusoshi a kan hankici, ya tambaye shi ko yana son aiki. Tun daga ranar bai bar ɗakin ba. Malaman fiziks goma sha ɗaya suka zo suka tafi a gabansa, ni ce ta goma sha biyu. Duk darasin da aka yi yana can baya, riƙe da tsumma, yana goge abin da ba ya bukatar gogewa, kunnensa yana kan allo.

Ɗakin a bene yake. Dogayen tebura shida ne, kowanne da famfon gas da ya daɗe da mutuwa, sai kabad-kabad na gilashi a jikin bango, da wani dogon katako da ake jinginawa a gangaro da 'yan kekunan katako masu ƙafa uku. Tagogin gabas suna kallon titi.

A sati na huɗu na zo kan darasin belositi. Na rubuta ma'anarsa a allo yadda na haddace a jami'a, cewa shi ne saurin sauya wuri ta wata fuska takamaimai. Yara suka kwafa tsaf. Na ce wa zai gaya mini bambancinsa da gudu. Can wata daga baya ta ce, "Malama, ai duk gudu ne, suna kawai aka canza." Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na maimaita ma'anar sau uku da ƙarfi, kamar ƙarfin murya ne zai cusa ta a kai, har aka kaɗa ƙararrawa.

Ina tattara takarduna Baba Awo ya matso.

"Malama, in ba za ki ga na yi shisshigi ba."

"Ina jin ka, Baba."

Ya ɗauko kekuna biyu ya ajiye su baya da baya a tsakiyar tebur. Ya ce in tsaya a ƙarshen tebur ta wajen ƙofa. Ya tura su lokaci ɗaya, ɗaya ta nufo ni, ɗaya ta nufi taga. Na sa hannu na tare wadda ta zo gabana kafin ta faɗi.

"Gudunsu ɗaya," ya ce. "To me ya sa wannan kika tare, kika ƙyale waccan?"

"Ita ce ta nufo ni mana."

"Shi ke nan. Gudu zai gaya miki nawa. Belositi zai gaya miki nawa, kuma ina aka dosa."

Na ji kunya ta lulluɓe ni, sai na sha mur. "Ai na san wannan, Baba."

"Na san kin sani, 'yata. Su ne ba su sani ba."

Washegari na yi wa ajin gwajin kekunan, suka gane nan take. Ban ce daga wurinsa na samo ba. Yana can baya da tsummansa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Babban amininsa a makarantar shi ne mai gadin ƙofa, wani tsohon ɗan sanda dogo da ake kira Kofur. Shekara ashirin suna cin abincin rana tare a kan benci ɗaya, suna gardamar ƙwallon da suka ji a rediyo. Kofur ya ce masa "gajere", shi kuma ya ce masa "falwaya". Titin da ke gaban makarantar daga kan tudu yake gangarowa, ya wuce ƙofarmu, ya sauka kasuwa. Duk ƙarfe biyu in an tashi, Kofur zai fita tsakiyar titi da jan ƙyalle da usur, ya tsayar da motoci har yara su gama tsallakawa.

Wata Laraba, wata motar ɗaukar kaya cike da katan-katan na ruwan roba ta gangaro. Direban ya ga jan ƙyallen, ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara, motar ta ci gaba da sulalowa. Yara ba su riga sun sauka titi ba, Kofur kaɗai ne a tsakiya. Ta buge shi a kwatangwalo. Ƙashin ƙugu ya karye, cinya ma ta karye a wuri biyu.

Direban bai gudu ba. Magidanci ne da bai wuce talatin da biyar ba, shi ya ɗauki Kofur tare da Baba Awo suka kai asibiti, ni ma na bi su. A barandar asibitin ya durƙusa yana kuka, yana cewa, "Wallahi Baba ban yi gudu ba. Yadda kowa ke tafiya a wurin nan haka nake tafiya."

Da muka fito na ce wa Baba Awo duk haka suke faɗa.

"A'a, gaskiya ya faɗa," ya ce. "Abin da ya tayar mini da hankali ke nan."

Shugaban makaranta ya rubuta wa ofishin kula da hanyoyi yana roƙon a yi mana tudun rage gudu guda biyu. Suka turo mutum biyu da wata na'ura, suka kafa ta kwana biyu suka tafi. Bayan wata guda amsa ta zo: matsakaicin gudun motoci a gaban makarantar kilomita arba'in da tara ne a awa, dokar wurin kuwa hamsin ce, saboda haka babu bukata. Aka manna takardar a ɗakin malamai. Baba Awo, wanda ba ya shiga ɗakin sai an aike shi, ya zo ya tsaya gabanta ya gyara tabarau, ya karanta ya sake karantawa.

"Malama, wace mota ce ta yi arba'in da tara?"

"Matsakaici ne, Baba. An haɗa duka an raba."

"An haɗa mai hawa da mai sauka ke nan."

"Da alama."

"Mai hawa tana nishi da kaya, mai sauka tana tashi sama. An zuba su a tukunya ɗaya an juya, an ce lafiya lau." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ai ba mai hawa ce ta karya Kofur ba."

Ranar Lahadi da safe, lokacin da titi ba cunkoso, ya zo da tef ɗin awo da ragowar farin fenti. Ya auna mita hamsin daidai a gefen titi, daga saman ƙofar makaranta zuwa ƙasa kaɗan, ya shafa farin layi mai kauri a kowane ƙarshe, inda za a hango su daga tagar ɗakin gwaji. Daga Litinin ya fara. Lokacin hutun tara da lokacin tashi yana tsaye a taga, agogo a hannun dama, biro a kunne. Hancin mota ya taɓa layin farko ya danna, ya taɓa na biyu ya sake dannawa, ya rubuta daƙiƙa nawa a littafi. Da yamma ya zauna ya raba hamsin da kowace lamba. Mai gangarowa ya sa mata alamar tarawa a gaba, mai hawa ya sa mata alamar ɗebewa.

Sati shida ya yi a haka. Ya daina saukowa cin abinci, dama ba wanda zai ci da shi. Iya ta zo makaranta da kanta ta same ni a baranda, kwanon abincinsa a hannunta.

"Malama, ki yi wa Baban naki magana. Kullum yadda na zuba haka yake dawo mini da shi. Jiya yana sallama daga salla ya ce mini, 'Biyu da rabi.' Na ce biyu da rabin me? Ya ce mota. Ni na auri mutum ne ko na auri agogo?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma idanunta sun kawo ruwa. Ta ce tun ranar da abin ya faru bai yi barcin kirki ba, kuma duk yamma sai ya biya ta asibiti, ya zauna gefen gadon Kofur suna gardama kamar ba abin da ya faru.

A sati na uku ne ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da tara. Na shigo da 'yan aji biyar don gwajin madubi, na tarar tebura wayam, ko fitila ɗaya ba a fito da ita ba. Yana taga. Da ya juyo ya gan mu, sai da agogon ya kusa suɓuce masa. Ya fara buɗe kabad yana ta cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ganin dattijo yana ba yara haƙuri ya sosa mini rai. Na ce ya bari, madubi ba zai gudu ba. Na sa yaran suka jeru a tagogi, na karɓi littafinsa na kwafa layi goma a allo.

Lambobin ba su da wuyar karantawa. Masu gangarowa yawanci daƙiƙa biyu da rabi suke yi tsakanin layukan, wato mita ashirin a kowace daƙiƙa, kilomita saba'in da biyu a awa. Masu hawa kuwa wajen daƙiƙa bakwai, abin da bai wuce kilomita ashirin da shida ba. Wani ya ɗaga hannu ya ce motocin da aka sa wa alamar ɗebewa da baya suke tafiya? Na ce a'a, gaba suke yi, Baba ne ya zaɓi gangara ta zama fuskar tarawa, don haka duk wadda ta juya wa gangara baya sai ta ɗauki ɗaya alamar. Da ya so, da ya zaɓi akasin haka, ba abin da zai canza a titi. Sai na ce su manta da alamun, su haɗa saba'in da biyu da ashirin da shida su raba biyu. Aji ya ɗauki surutu. Arba'in da tara.

Ban taɓa ganin darasi ya zauna a kan yara kamar na ranar ba. Kofur duk sun san shi, wasu tun suna aji ɗaya yake riƙe musu hannu.

Da littafin ya cika, mota dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai, muka nemi izinin shugaba muka tafi ofishin hanyoyi mu biyu. Baba Awo ya sa kayansa na fita, ya nannaɗe littafin a leda. Awa uku muka yi a kan bencin jira kafin a shigar da mu wurin injiniyan da ya sa hannu a takardar, wani mai matsakaicin shekaru, teburinsa cike da fayil har ba wurin ajiye kofi. Na gabatar da mu. Ya buɗe littafin ya juya shafi biyu, ya dube ni.

"Ke kika yi wannan, Malama?"

Da na ce eh, da maganar ta fi sauƙi, kuma Baba Awo ba zai musa ba. Na ce, "Ba ni ba ce. Shi ne."

Injiniyan ya juya. "Baba, injiniya ne kai?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ni ke share ɗakin gwaji."

"To ka ga, Baba, ban raina ƙoƙarinka ba. Amma awon hannu ba abin dogaro ba ne. Kafin ido ya gani, yatsa ya danna, an yi asarar lokaci. Mu na'ura muka sa."

"Gaskiyarka," in ji Baba Awo. "Yatsana yana kuskure. Na auna shi ma." Ya miƙa hannu ya buɗe shafin ƙarshe. "Na gangaro da keke a katako sau hamsin ina dannawa, na ga iyakar saɓanina kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ne. To a ba motocin wannan kyauta. A ce biyu da bakwai suke yi, ba biyu da rabi ba. Ya zama sittin da shida da ɗoriya. Har yanzu sun haye hamsin."

Injiniyan ya jawo kalkuleta ya danna. Ya sake dannawa. Sai ya yi 'yar dariya ya girgiza kai, ya kira wani ya kawo masa fayil ɗin awon da suka yi. Ya daɗe yana bin shafukan da yatsa.

"Na'urar ta raba su," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Masu hawa daban, masu sauka daban. Wurin rubuta rahoto ne aka haɗe." Ya rufe fayil ɗin. "Ba zan yi muku alkawari ba, ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Amma ku bar mini littafin."

Baba Awo ya riƙe ledar gam. Sai da aka ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya a gabansa, aka mayar masa da abinsa, sannan muka fito. A bakin titi ya ce mu ɗan zauna. Muka zauna a kan dakalin wani kanti, na saya masa ruwa, ya shanye a tashi ɗaya.

Wata huɗu ba labari. Har na cire rai. Sai wata safiya muka tarar da motar kwalta da leburori a ƙofa. Tudu biyu muka roƙa, ɗaya suka yi, a sama da ƙofar, suka ja fararen layukan tsallakawa, suka kafa allo. Satin farko mun sha zagi wurin direbobi, musamman masu ƙananan motoci da cikinsu ke gurzar tudun. Baba Awo ya koma taga kwana uku. Masu gangarowa sun koma daƙiƙa huɗu da rabi, kilomita arba'in a awa.

Ranar Litinin a taron safe shugaba ya yi jawabi, ya gode wa ofishin hanyoyi, ya yaba wa jajircewar hukumar makaranta. Bai ambaci Baba Awo ba. Ba na jin da gangan ya yi, mantawa ya yi, kuma a wurina hakan ya fi ciwo. Na hau bene a fusace na same shi a ɗan ɗakin ajiya yana jera ma'aunan zafi. Na fara faɗa, ya ce in bari, ba don a faɗi sunansa ya yi ba. Amma ranar bai fito daga ɗakin ajiyar ba har aka tashi, kuma na ji yana ta jan hanci, yana cewa ƙura ce.

Kofur bai dawo aiki ba. Ya warke, amma da sanda yake tafiya, ƙafar dama ta gajarce. Direban da ya buge shi ne ya kawo shi a mota ya ga tudun, don tun daga asibiti bai daina zuwa gaishe shi ba. Kofur ya sauka da ƙyar, ya zagaya tudun, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Gajere, sati shida kana danne-danne, ɗan wannan abin ka samo? Ai tsawonka suka auna suka yi shi."

"Da tsawonka aka auna, da ba motar da za ta wuce," in ji Baba Awo.

Suka zauna a bencinsu. Iya ta aiko da abinci na mutum biyu, ranar kwano ya koma wayam.

Shekara biyu bayan haka lokacin ritayarsa ya yi. A satinsa na ƙarshe na roƙe shi ya koyar da darasi ɗaya, ko na minti goma ne. Ya ƙi, ya ce ba huruminsa ba ne. Na kai ƙara wurin Iya, ita ta sa shi. Ya tsaya gaban 'yan aji huɗu, alli ya karye a hannunsa sau biyu, muryarsa ba ta kai layin baya ba sai da yaran suka matso da kujeru. Ya yi musu bayanin yadda ake auna abu sau da yawa kafin a yarda da shi, da yadda mutum zai san iyakar kuskuren hannunsa. Minti goma sha biyu ya yi, ya ce iyakar abin da ya sani ke nan. Yaran suka miƙe tsaye suna tafi, ya rasa inda zai sa kansa, ya fice baranda.

Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa ta tsakiya, ma'aikaciyar jinya, saboda gwiwa ta hana shi hawa benen gidan da suke haya da. Idonsa na hagu ya yi yana, ana jiran a yi masa aiki. Na je gaishe shi watan jiya, na same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, jikarsa tana karanta masa jarida yana gyara mata lambobi. Ya tambayi yara, ya tambayi malamai ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa gaishe shi ba. Na gaya masa an ɗauki wata mata a gurbinsa, mai hankali ce, tana ƙoƙari.

"Madalla," ya ce. "Ki gaya mata kabad na uku, in za ta buɗe, ta ɗan ɗaga ƙofar sama kafin ta murɗa makulli. In ba haka ba za ta karya shi, kuma ba a samun irinsa yanzu."

Na ce zan gaya mata. Ya sa jikar ta kawo takarda, ya ce gara in rubuta.